Python ba ta haramta alamar \ ba

Magana na ta yawo tsakanin ɗaliban kwamfuta a Gusau, wai sabuwar Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, ta haramta alamar \, kuma duk wanda ya rubuta furojet ɗinsa da tsohuwar, aikinsa ya tashi a tutar babu. Har wasu sun fara cire sabuwar suna bin abokai da filashi neman tsohuwar. Ku kwantar da hankalinku.

Dokar amfani da \ ta girmi yawancinmu. Daga yaren C ta fito, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a 1972, kuma Java da JavaScript duk ita suke bi. Abin da ta ce shi ne, a cikin rubutun da ke tsakanin alamomin zance, \ ba ta tsayawa don kanta, ma'anar harafin da ke binta take sauyawa. \n sabon layi ne, \t kuma tazara. In ita kanta kake so, ka rubuta ta sau biyu.

To me ya canza? Haɗin da Python ba ta sani ba, irin \d, tun fitowar Python 3.6 a 2016 aka daina maraba da shi, sai dai gargaɗin a ɓoye yake. A 3.12, ta Oktoban 2023, aka fito da shi fili. Shi ne rubutun da ke tsorata mutane, alhali manhajarka na ci gaba da aiki. Masu Python sun ce nan gaba zai zama kuskuren da ke tsayar da aiki, don haka a gyara, amma ba yau za a rufe kowa ba.

Ni wanda ya fi damuna shi ne wanda ba ya gargaɗi ko kaɗan. Ɗalibi ya rubuta hanyar fayil ɗinsa, "C:\natija\talata.csv". Python ta ga \n ta sa sabon layi, saura "atija". Ta ga \t ta sa tazara, saura "alata". Sai ta kasa buɗe fayil, shi ko yana rantsuwa ga shi nan yana kallonsa a folda. Haka \rajista da \fayil da \baki, kamar da kalmominmu aka ɗana tarkon. Gara ma "C:\Users", nan take take tsayawa, domin \U lambobi takwas take jira a bayanta, kuma wannan tun Python 3 ta 2008 yake.

Maganin ba wuya. Ka ninka alamar, ko ka sa r kafin alamar zance don Python ta ɗauki \ yadda take, ko ka yi amfani da /, wadda Windows ke karɓa daga Python. Amma r ɗin na da nata sharaɗi da ke rikita har gwanaye: rubutun ba zai ƙare da \ guda ɗaya ba. r"C:\natija\" kuskure ne, saboda \ ɗin ta hana alamar zancen da ke rufewa yin aikinta.

Gaskiya akwai rashin adalci a ciki. Mai Linux ko Mac bai san wannan wahalar hanyar fayil ba, domin da / yake raba folda. Microsoft ce ta zaɓi \ don raba folda a MS-DOS 2.0 a 1983, don an riga an ba / wani aiki, ga shi kusan duk laftof ɗin da ɗalibanmu ke saye Windows ce a kai. Malaman da ke koyar da buɗe fayil su riƙa farawa da wannan dokar, kafin yaro ya kwana yana zargin kwamfutarsa da bairos.