Tambayoyi da amsoshi kan wutar tsohuwar motar share dusar ƙanƙara

A jihohin arewacin Amurka irin su Minnesota da Michigan da New York, da kuma lardunan Kanada, hukumomi ne ke share manyan hanyoyi idan dusar ƙanƙara ta sauka, amma ƙofofin gidaje da wuraren ajiye motoci na kantuna aikin ƙananan 'yan kwangila ne. Da yawansu tsofaffin a-kori-kura suke amfani da su, ƙirar Ford ko Chevrolet ko Dodge, waɗanda aka maƙala musu faffaɗar garma ta ƙarfe a gaba. A ranar da aka samu irin dusar da ta sauka a kudancin birnin Buffalo na jihar New York a watan Nuwamba na 2014, wadda tudunta ya kai kusan mita 2 a wasu unguwanni, motar da wutarta ta ɗauke ta bar mai ita da masu jiransa a cikin matsala babba.

Me ya sa wutar irin wannan mota ta fi ta sauran motoci shan wahala?

Yawancin garmunan da kamfanoni irin su Western da Fisher da Meyer da Boss ke ƙerawa domin ƙananan motoci, famfon haidirolik, wato mai aiki da matsin mai, shi ne ke ɗaga su yana kuma karkata su dama ko hagu, kuma ƙaramin injin lantarki mai bolt 12 ne ke juya wannan famfo. Duk lokacin da direba ya ɗaga garma, wannan injin yana iya jan amfiya (ma'aunin yawan wutar da ake ja) 150 zuwa 200 na 'yan daƙiƙu, kuma a aikin dare ɗaya ana ɗagawa da saukewa ba adadi. A daidai wannan lokaci manyan fitilu suna kunne, na'urar ɗumama ɗakin direba tana aiki, waifa tana kaiwa da komowa, fitilar gargaɗi mai ruwan ɗorawa tana walƙiya a kan rufi, wani lokaci kuma akwai na'urar watsa gishirin narkar da ƙanƙara a baya. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne motar ba gudu take yi ba, gaba kaɗan ne da baya kaɗan, injin yana kusa da sulo, kuma a wannan yanayi altaneto, wato na'urar da ke cajin batir, ba ya bayar da cikakken ƙarfin da aka rubuta a jikinsa. Ga shi kuma sanyi yana rage ƙarfin batir a daidai lokacin da man injin ya yi kauri.

Idan fitilu suna dusashewa ko garma tana tashi da kyar, ba sabon altaneto ya kamata a saya ba?

A ganina wannan shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗin masu irin waɗannan motoci. Kafin a sayi komai, awo ya kamata a fara yi da mitar wuta. Batir mai cikakken caji da ya huta yana nuna kusan bolt 12.6, idan kuma injin yana aiki ana sa ran ganin tsakanin 13.8 da 14.7. Sai dai waɗannan alƙaluma ba su isa ba, domin wayar da tsatsa ta cinye rabinta za ta iya nuna bolt 12 lafiya ƙalau matuƙar ba a ɗora mata nauyi ba.

Awon da ke tona asirin matsala shi ne na wutar da ke ɓacewa a hanya. Ana ɗora bakin mita ɗaya a kan sandar fosatif ta batir, ɗayan kuma a kan notin da wuta ke shiga injin famfo, sannan wani ya danna maɓallin ɗaga garma. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ta salwanta tsakanin wuraren biyu, kuma idan ya wuce rabin bolt, akwai wurin da ke riƙe wuta. Sai a maimaita a ɓangaren nagatif, daga jikin injin famfo zuwa sandar nagatif, inda ya kamata adadin ya fi haka ƙanƙanta. Daga nan ana bin hanyar gaɓa-gaɓa, a auna kan batir, a auna solinoyid, wato makunnin lantarkin da ke kunna famfo, a auna soket ɗin da ke haɗa mota da garma, har a kama wurin. Ɓangaren nagatif ne mutane suka fi mantawa da shi, alhali duk wutar da ta tafi ta nan take dawowa, kuma noti ɗaya mai tsatsa a jikin shasi ya isa ya sa sabon altaneto ya zama kamar ba a saka ba.

Wace irin ɓarna gishirin hanya ke yi?

Gishirin da ake watsawa domin narkar da ƙanƙara, musamman nau'o'in da ke ɗauke da sinadarin kalsiyam ko magniziyam waɗanda ke jawo laima, yana shiga duk wata kafa, yana bin cikin robar waya yana mayar da jan ƙarfe kore. Waya takan yi kyau a ido alhali cikinta ya zama gari, shi ya sa idan aka ga ta kumbura ko ta sandare kusa da kanta, yanke ta ake yi har a isa inda jan ƙarfen ke sheƙi, ko a sauya ta gaba ɗaya. Murɗa wayoyi biyu a naɗe da salatif ba gyara ba ne a ƙasar gishiri. Ana matse kan waya da abin matsewa na gaske, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi mai gam a ciki, a kuma shafa wa soket giris ɗin lantarki bayan an goge haƙoransa. Wannan bayani ya shafi mai sayen motar hannu da aka shigo da ita daga waɗancan jihohi zuwa Najeriya ko Nijar, domin gishirin da ya ci ƙarƙashinta bai bar wayoyinta ba.

To yaushe ne sauya altaneto ya zama dole?

Idan wayoyi sun fito lafiya, batir ya ci gwaji, amma duk da haka caji yana ƙarewa kafin gari ya waye. Altaneton Delco 10SI da ke kan motocin General Motors na shekarun 1970 yawanci bai wuce amfiya 63 ba, CS130 da ya zo daga baya yakan ba da 105, CS144 kuma 140, yayin da masu Ford suke komawa ga ƙirar 3G mai amfiya 130. Lambar da ta fi muhimmanci ga mai garma ita ce abin da altaneto ke bayarwa a sulo, domin a nan motar ke kwana tana aiki.

Babban altaneto kuma yana tafiya ne tare da manyan wayoyi guda uku: daga altaneto zuwa fosatif, daga nagatif zuwa jikin injin, da kuma daga injin zuwa shasi. Ana amfani da waya lamba 4 ko lamba 2 a ma'aunin Amurka, inda ƙaramar lamba ke nufin waya mai kauri, sannan a sa babban fiyus kusa da batir, saboda waya mai wannan kauri idan ta goge ta taɓa ƙarfe gobara ce. A kuma duba fanbel, domin tsohon siriri yakan zame idan nauyi ya ƙaru.

Ƙara batir na biyu yana magance matsalar?

Yana taimakawa ƙwarai wajen hana fitilu dusashewa, amma batir kamar randa ne, yana ajiye ruwa ne kawai, ba ya haifar da shi. Idan abin da ake ɗiba a dare ya fi abin da altaneto ke zubawa, batir biyu ma za su ƙare, sai dai su ɗan jinkirta. Idan za a haɗa su, fosatif da fosatif, nagatif da nagatif, su kasance iri ɗaya kuma sa'annin juna, domin tsoho yakan janye sabo. A kula da lambar ƙarfin tayar da inji cikin sanyi da ke jikin batir, wadda ke nufin amfiyar da zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ba tare da ya sauka ƙasa da bolt 7.2 ba. Batir da aka bari babu caji a cikin hunturu ruwansa yana iya daskarewa ya fasa shi.

Ya batun fitilu?

Garma tana tare fitilun motar, shi ya sa ake ɗora wasu a samanta. A tsofaffin motoci wutar fitilu takan bi ta cikin makunnin da ke gaban direba, wanda ƙarin nauyi ke ƙonawa, don haka ya fi kyau a sa rile, wato ƙaramar na'urar da ke ɗaukar nauyin wutar a madadinsa, makunni ya riƙa ba da umarni kawai, wutar kuma ta fito kai tsaye daga batir ta cikin fiyus. Fitilun LED suna rage jan wuta sosai, amma gilashinsu ba ya ɗaukar zafin da zai narkar da dusar da ke manne masa kamar yadda ƙwan halojin ke yi, saboda haka mai garma ya nemi nau'in da aka sa wa gilashinsa abin ɗumamawa.

Wane lokaci ya fi dacewa da wannan aiki, kuma me ya kamata a ajiye a mota?

Watan Satumba ko Oktoba, kafin dusar farko, lokacin da hannu zai iya riƙe sufana kuma shagunan kayan gyara ba su cika da masu neman abu ɗaya ba. Solinoyid ɗin famfo yana da arha kuma cinyewa yake yi da aiki. Wani lokaci yakan ƙi kamawa, wani lokaci kuma yakan manne a kunne, injin famfo ya yi ta juyawa har ya ƙone idan ba a cire kan batir da sauri ba. Saboda haka a ajiye sabo guda a mota, tare da fiyus na kowane girma, da mita, da tocila, da sufanar da ta dace da kan batir. Idan hunturu ya wuce aka sauke garma, a wanke soket ɗin, a shafa musu giris, a rufe su da murfinsu har zuwa hunturu mai zuwa.