Lauyan da ya yi aiki ba lasisi: yadda ake hukunta shi a Ingila da Wales

Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk wanda ya karanta shari'a aka rantsar da shi lauya, shi ke nan ya samu izini har abada. Ba haka abin yake ba. A Ingila da Wales, dokar lauyoyi ta 1974 ta gindaya sharuɗɗa uku kafin mutum ya yi aiki a matsayin lauya irin wanda ake kira solicitor: an karɓe shi cikin sana'ar, sunansa yana cikin rajista, kuma yana riƙe da lasisin aiki mai rai. Wannan lasisi sabunta shi ake yi duk shekara, kafin ƙarshen watan Oktoba.

Dokar ayyukan shari'a ta 2007 ta ware ayyuka shida da babu mai taɓa su sai wanda aka ba izini: tsayawa gaban alƙali a madadin wani, gudanar da ƙara, rubuta takardun mallakar fili ko gida, neman izinin kotu na raba gado, tabbatar da sahihancin takardu, da rantsar da mutane. Wanda ya yi ɗaya daga ciki ba izini ya aikata laifi, hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Mafitar da dokar ta bari ita ce mutum ya nuna bai san ba shi da izini ba, kuma ba a tsammanin ya sani. Da wuya lauya ya fake da wannan, tunda sanin ka'idar ai aikinsa ne.

A ce wata mata mijinta ya rasu, ta kwaso takardun gida da na banki a jaka ta kai wa lauya. Lasisinsa ya ƙare, ko ofishin da ya buɗe bai samu amincewar hukuma ba, bai kuwa faɗa mata ba. Ya karɓi kuɗinta, ya shigar da takardu. Idan ya yi kuskuren da ya jawo mata asara, wa zai biya? Ofishin da hukuma ta amince da shi dole ne ya mallaki inshora saboda irin wannan rana. Wanda ba shi da izini, sau da yawa babu komai a bayansa. Shi ya sa ban yarda da masu cewa ai mantuwar cika fom ce kawai ba.

Hukumar SRA, mai sa ido kan aikin waɗannan lauyoyi, ita ce ke fara bincike. Tana iya yin gargaɗi, ko ta ci tara har fam 25,000 a yawancin lamura. Idan abin ya yi nauyi sai ta miƙa shi ga kotun ladabtar da lauyoyi, wato SDT, wadda ke da ikon cin tara ba iyaka, dakatarwa, ko goge sunan mutum daga rajista gaba ɗaya. Abin da ya fi tsananta hukunci shi ne ɓoyewa. Wanda ya gano lasisinsa ya ƙare ya tsaya nan take ya kai rahoton kansa daban yake da wanda ya ci gaba da sa hannu yana sane, domin nan maganar ta koma ta rashin gaskiya.

A shari'ar wani lauya mai suna Bolton ta 1993, mai shari'a Thomas Bingham ya bayyana cewa babbar manufar irin wannan hukunci ita ce kare amanar da jama'a ke ba lauyoyi. Don haka kukan lauya cewa iyalinsa za su shiga wahala ba ya yin tasirin da yake yi a kotun laifuka. Rajistar SRA kuwa a buɗe take a intanet, kowa na iya rubuta sunan lauya ya ga ko lasisinsa na da rai kafin ya miƙa masa takardunsa.