Tebura da yawa a kwamfuta ɗaya: yadda ake kai taga daga wannan zuwa wancan

Mai aiki da ƙaramar laftof ya san yadda tagogi ke hawa kan juna. Ga takardar Word, ga burauza da shafuka goma a buɗe, ga Excel, WhatsApp kuma yana leƙowa. Maganin wannan cunkoso yana cikin kwamfutar tun tuni, amma da yawa ba su taɓa gwada shi ba.

Wane irin tebur ake nufi?

Tebur shi ne fuskar da ke tarbarka idan ka kunna kwamfuta, inda tagogin manhajoji ke buɗewa. Kwamfuta tana iya ba ka irinsa biyu, uku ko fiye a allo ɗaya. Kana kallon guda, sauran suna jira a gefe. A 1986 wasu masu bincike biyu a cibiyar Xerox PARC da ke Kalifoniya, Austin Henderson da Stuart Card, sun bayyana wani tsari irin wannan, suka raɗa masa suna Rooms, wato ɗakuna. A ganina wannan suna ya fi kama hankali: gida ɗaya ne, amma ɗakin karatu daban, zauren baƙi daban. Masu Linux sun daɗe da shi. Apple ta kawo nata a 2007, Microsoft kuwa sai a Windows 10, a 2015.

To yaya zan ɗauke taga daga wani tebur zuwa wani a Windows?

Danna maɓallin Windows tare da Tab. Duk tagogin da ke buɗe za su bayyana ƙanana, teburan kuma su jeru a layi, a sama idan Windows 10 ce, a ƙasa idan Windows 11 ce. Idan tebur ɗaya kawai gare ka, danna "New desktop" ka ƙara. Daga nan sai ka kama tagar da linzami, ka ja ta, ka sauke ta a kan teburin da kake so.

Akwai hanyar da na fi so, musamman ga mai amfani da faifan taɓawa na laftof, inda ja ke yawan kuɓucewa. A wannan shafin dai, danna tagar da maɓallin dama na linzami, zaɓi "Move to", sannan ka zaɓi teburin. Wannan ba ya kuskure. Kuma in ka ba teburan suna, misali "Aiki" da "Karatu", sunayen za ka gani a jerin, ba sai ka tsaya tuna wanne ne na biyu wanne ne na uku ba.

Babu gajeriyar hanya da madannai kaɗai?

Ta zirga-zirga akwai. Windows da Ctrl da D suna buɗe sabon tebur, Windows da Ctrl da kibiyar hagu ko dama suna kai ka na kusa. Amma ta tura taga zuwa wani tebur, Microsoft ba ta saka ba, kuma wannan giɓi ne na gaske, domin mai rubutu ba ya son ɗaga hannu daga madannai. Wasu sukan ji an ce Windows da Shift da kibiya, su gwada, su ga ba abin da suke nema ya faru ba. Aikin wannan haɗin shi ne kai taga zuwa allo na biyu da aka jona wa kwamfuta. Akwai masu rubuta ƙananan umarni da wata manhaja mai suna AutoHotkey don cike giɓin, sai dai sabuntawar Windows takan lalata su. Wanda bai ƙware ba, shawarata ya tsaya a kan "Move to".

A Mac da Ubuntu fa?

Nan an fi sauƙi. A Mac, Control da kibiyar sama suna buɗe Mission Control, wato shafin da ke nuna tagogi da tebura, ka ja tagar zuwa layin teburan da ke sama. Ko ka riƙe kan tagar da linzami, ka danna Control da kibiyar dama, ta bi ka. A Ubuntu kuwa, wanda wani nau'in Linux ne, Super da Shift da Page Down suna tura tagar zuwa tebur na gaba, Page Up kuma ya dawo da ita. Super shi ne maɓallin nan mai tambarin Windows.

Idan na rufe tebur, aikin da ke kansa ya salwanta?

A'a. Tagogin suna komawa teburin da ke maƙwabtaka da shi, da duk abin da ke cikinsu.

Akwai tagar da nake so in gani a ko'ina. Sai na riƙa jan ta?

Ba sai ka yi haka ba. A jerin da ke da "Move to" akwai "Show this window on all desktops". Ɗalibin da ke kallon darasi yana rubutu, ko mai lissafi da kalkuleta a gefe, wannan ne nasu.

Raba tagogi yana rage wa kwamfuta nauyi, ko ya ɓoye sirri?

Ko ɗaya. Manhajar da ka kai tebur na uku tana nan tana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta da batir kamar da, bidiyon da ka bari kuma zai ci gaba da cin data, sautinsa yana fita. Batun sirri ya fi damuna, domin mutane suna sakin jiki. Duk wanda ya zauna a gaban kwamfutarka ya danna Windows da Tab ya ga komai. Haka nan idan kana nuna allonka gaba ɗaya a taron Zoom, teburin da ka koma shi mahalarta za su gani. In za ka tashi, kulle kwamfutar da Windows da L.

Na nemi tagata a sandar ƙasa ban gan ta ba. Ina ta shiga?

Tana wani tebur. Windows takan nuna tagogin teburin da kake kai ne kawai a sandar ƙasa (wato taskbar, layin manhajoji da ke ƙasan allo) da kuma jerin da ke fitowa idan ka danna Alt da Tab. In kana son ganin duka, shiga Settings, sai System, sai Multitasking, ka sauya zaɓin zuwa dukkan tebura. Daga nan, da ka danna tagar, kwamfuta za ta kai ka teburin da take.