Brett Hearn

Brett Hearn direban tseren motoci ne ɗan ƙasar Amurka, haifaffen ranar 1 ga Satumba, 1958, kuma ɗan jihar New Jersey. Ya yi suna a tseren da ake yi a filayen ƙasa marasa kwalta, da irin motocin da ake kira Modified, wanda ya fi karɓuwa a arewa maso gabashin Amurka da wani yanki na Kanada. Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa 2019 ya ci manyan tsere fiye da 900, adadin da ya sa ake lissafa shi a sahun farko na duk waɗanda suka taɓa tuƙa irin wannan mota. 'Yan kallo suna masa laƙabi da "Jet", kuma lambar da aka fi saninsa da ita ita ce 20.

Motar da filin

Ba za a gane girman aikin Hearn ba sai an san abin da yake tuƙawa. Asalin waɗannan motoci tsofaffin motocin hawa ne da makanikai suke yanke wa jiki, su rage musu nauyi, su ɗora musu babban inji. A zamanin Hearn abin ya wuce nan. Ana ƙera ƙashin motar ne takanas da bututun ƙarfe, a lulluɓe shi da falankin ƙarfe marar kauri, tayoyin gaba suna waje, direba kuma yana zaune a tsakiyar motar shi kaɗai. Rukuni biyu ne manya. Akwai mai babban inji, wanda girman cikinsa ke kaiwa inci kubik 467, ƙarfinsa ya haura na doki 700. Akwai kuma mai ƙaramin inji, wanda aka fi sani da lambarsa, 358. Hearn ya yi tsere a duka biyun, sau da yawa ma a dare ɗaya.

Filin kuwa zagayayye ne mai siffar ƙwai, an shimfiɗa masa yumɓu, ana yayyafa masa ruwa kafin a fara. Da yamma yana da danshi, taya tana kama shi sosai. Yayin da motoci suke ta bi, sai ya bushe, ya yi sulɓi, ya yi baƙi, ƙasar da tayoyi suka watsa ta taru a gefen kwana ta zama tudu. Hanyar da ta fi sauri a zagaye na biyar ba ita ce mafi sauri a zagaye na talatin ba. Direba yana shiga kwana ne da bayan mota a karkace, yana sarrafa ta da totur kamar yadda yake sarrafa ta da sitiyari. Wanda ya cika taka wuta zai ƙone tayar baya tun tsere bai yi rabi ba. A nan ne Hearn ya yi fice: yana karanta sauyin ƙasa tun kafin abokan karawarsa su farga, yana adana tayarsa, ya bar masu gaggawa su gaji da kansu.

Tasowarsa

Ya fara da ƙananan motocin tsere na yara, sannan a tsakiyar shekarun 1970, yana matashi, ya shiga filin Orange County Fair Speedway da ke Middletown a jihar New York. Tsohon fili ne a harabar baje kolin amfanin gona, ana tseren motoci a cikinsa tun 1919, tsawon zagayensa kusan kilomita ɗaya. An san shi da taurin ƙasa da dogayen miƙaƙƙun layuka masu bukatar inji mai ƙarfi. Wannan fili ya zama gidansa. A can kaɗai ya ci tsere sama da 300, ya kuma ɗauki kambun zakaran shekara sau da dama. Babban tseren filin, Eastern States 200, wanda ake yi a watan Oktoba, ya lashe shi fiye da sau goma.

A shekarun 1980 ya gwada sa'arsa a kan kwalta, a rukunin Busch na hukumar NASCAR. Bai daɗe ba ya koma ƙasa.

Syracuse

Ga direban Modified na zamanin Hearn, babu ranar da ta kai ta Syracuse. A harabar baje kolin jihar New York da ke kusa da birnin Syracuse, a da akwai filin ƙasa mai tsawon mil ɗaya, inda Glenn Donnelly ya fara shirya gasar kaka a 1972, wadda ta zama makon Super DIRT. Buzzie Reutimann ne ya ci biyun farko. Gary Balough ya ci huɗu, har da ta 1980 da ya zo da wata mota mai ƙirar da ta fi ƙarfin kowa, abin da ya sa aka tsaurara dokokin ƙira. Filin ya sha bamban da ƙananan filayen daren Asabar. Gudun ya fi yawa, wuce mota yana da wuya, tseren kuma dogo ne, dole a tsaya a sha mai a sauya taya. Saboda haka lissafin lokacin tsayawa da ƙwazon makanikai suna iya ba mutum nasara ko su hana shi.

Hearn ya fara cin wannan tsere a 1985. Ya sake ci a 1990 da 1991, sai 1993, sai 1995. Cikin shekara shida ya ɗauki huɗu, kuma a lokacin da fagen yake cike da gwanaye: Jack Johnson, Alan Johnson da ɗan'uwansa Danny Johnson, Bob McCreadie, Jimmy Horton, Kenny Brightbill, Doug Hoffman. Kowane ɗayansu ya taɓa cin Syracuse, don haka ba za a ce fili aka bar masa ba.

Daga nan sai abin ya ƙi. Shekara goma sha shida a jere yana zuwa yana komawa hannu rabbana, alhali yana ta cin tsere a wasu filaye. Billy Decker ya ci huɗu a wannan tsakani, sannan matasa irin su Matt Sheppard da Stewart Friesen suka taso. A 2012, yana da shekara 54, Hearn ya ci na shida, a tseren da ruwan sama ya katse kafin a kai ƙarshe. Akwai masu rage wa irin wannan nasara daraja. Amma duk wanda ke filin a ranar yana ganin hadari ɗaya, kuma sanin lokacin da ya kamata mutum ya kasance a gaba yana cikin gwanintar dogon tsere.

Gasar zagaye da sauran filaye

Donnelly ya kafa ƙungiyar DIRT a 1976, ta haɗa filaye da dama ƙarƙashin doka ɗaya, ta kuma samar da gasar da direbobi ke yawo daga fili zuwa fili suna tara maki, wadda a yau ake kira Super DIRTcar Series. Hearn ya zama zakaran wannan gasa sau da yawa, na farko a 1990, na ƙarshe a 2013. Tazarar shekara 23 ke nan tsakanin kambun farko da na ƙarshe, a wasan da ake gwabzawa da ƙarfe cikin ƙura da dare.

Bayan Middletown, ya yi shekaru yana mamaye Lebanon Valley Speedway, fili mai rabin mil da kwanoni masu gangare sosai, da kuma Albany-Saratoga Speedway da ke garin Malta, duka a jihar New York. Tsarin makonsa a lokacin bazara ya kasance tsere daren Juma'a a wani fili, daren Asabar a wani, sannan gasar zagaye a tsakiyar mako, ga gyaran mota a gareji tsakanin wannan da wancan. Da sanyin hunturu ya rufe filayen arewa, sai a gangara Fulorida a watan Fabrairu.

Yadda ya ɗauki sana'ar

Yawancin masu tseren ƙasa suna da wata sana'ar da suke ci da ita, tsere na ƙarshen mako ne. Hearn yana cikin 'yan kaɗan da suka mai da shi hanyar abinci. Ya tafiyar da tawagarsa kamar kamfani, ya iya zama da masu ɗaukar nauyi, motarsa da kayan aikinsa kullum tsaf. Wannan ya jawo masa ƙauna da ƙiyayya a lokaci guda. A filaye da yawa, da zarar an ambaci sunansa sai ihun yabo da na adawa su tashi tare, domin 'yan kallo kan gaji da mutumin da ba ya gajiya da nasara. Masu sukarsa kan ce kayan aiki ne. Gaskiya ne ya samu motoci masu kyau, sai dai masu motocin ba sa miƙa su ga wanda zai dawo da su a lanƙwashe, kuma Hearn ya shahara da kai mota ƙarshen tsere lafiya.

A 2019, shekarar da filin Middletown ya cika shekara ɗari, ya sake zama zakaran filin yana da shekara 61. Bayan wannan kaka ya janye daga tsere na cikakken lokaci, ya karɓi aikin kula da harkar tsere a filin da ya taso. An kuma sanya sunansa a zauren karrama gwanayen Modified na arewa maso gabas da ke Weedsport.

Filin Syracuse mai mil ɗaya ya ga tserensa na ƙarshe a 2015, inda Friesen ya ci na huɗunsa. Daga nan aka rushe shi don sabunta harabar baje kolin, aka mayar da makon Super DIRT zuwa filin tsere na Oswego a jihar New York a 2016, inda ake zuba yumɓu a kan kwalta duk shekara. Balough da Decker da Friesen sun tsaya a huɗu-huɗu a tsohon filin, Hearn yana da shida.