Taron horas da shugabannin ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na ɗalibai a Amurka

Wannan taro ne da ake shirya wa ɗaliban da ke riƙe da muƙamai a ƙungiyoyin zumunci na jami'o'in Amurka. Ta maza ana ce mata fraternity, ta mata kuma sorority. Da haruffan Girkanci biyu ko uku ake raɗa wa galibinsu suna, kuma kowace tana da rassa a jami'o'i da dama. Shugaban reshe da ma'aji da mai kula da sababbin shiga su ne aka fi turawa.

Asali

Ta farko da ta ɗauki sunan Girkanci ita ce Phi Beta Kappa, wadda aka kafa ranar 5 ga Disamba, 1776, a Kwalejin William da Mary da ke jihar Bajiniya. Muhawara ce sana'arta a farko, daga baya ta koma ta karrama haziƙan ɗalibai. Irin waɗanda aka sani yau sun samo tushe ne daga Kwalejin Union a jihar New York, inda Kappa Alpha ta fara a 1825, Sigma Phi da Delta Phi suka biyo baya a 1827. Mata sun kafa tasu, wadda daga baya ta zama Alpha Delta Pi, a 1851 a Kwalejin Wesleyan ta garin Macon a jihar Jojiya.

Da rassa suka yawaita, sai aka ga babu makawa a zauna tare. Ƙungiyoyin mata suka riga, suka kafa majalisarsu a Chicago a 1902. Ta maza ta zo a 1909 a birnin New York.

Baƙaƙen fata kuwa, da yake ba a karɓarsu a waɗancan, nasu suka gina. Alpha Phi Alpha ta fara a Jami'ar Cornell a 1906, Alpha Kappa Alpha a Jami'ar Howard a 1908, kuma a Howard ɗin aka kafa majalisar da ta haɗa su a 1930. Yau ƙungiyoyi 9 ne a cikinta. Martin Luther King ɗan Alpha Phi Alpha ne, Kamala Harris 'yar Alpha Kappa Alpha ce. Kwame Nkrumah na Ghana da Nnamdi Azikiwe na Najeriya, waɗanda dukansu suka yi karatu a Jami'ar Lincoln, 'yan Phi Beta Sigma ne, wadda ita ma tana cikin taran.

Makarantar horas da shugabanni ta farko ana danganta ta da ƙungiyar Sigma Alpha Epsilon; John O. Moseley ne ya assasa makarantar a garin Evanston a 1935. Sauran ƙungiyoyi suka kwaikaya.

Yadda taron yake

Iri biyu ne: wanda uwar ƙungiya ke kira wa rassanta kaɗai, da na haɗaka. Cikin na haɗaka akwai wanda ƙungiyar AFLV (Association of Fraternal Leadership and Values, mai horas da shugabannin irin waɗannan ƙungiyoyi), da aka samar wajen 2009, ke yi a Indianapolis a farkon shekara. Akan kwana biyu zuwa huɗu ana lacca da tattaunawa rukuni-rukuni kan kuɗin reshe, ɗibar sababbin mambobi, aikin gayya da tara gudunmawa, sannan a raba kyaututtuka.

Ce-ce-ku-ce

Giya da gasa wa sababbin shiga aya a hannu su ne suka fi cin lokacin taron a shekarun nan. Bayan mutuwar wani ɗalibi a Jami'ar Jihar Pennsylvania a 2017, majalisar ƙungiyoyin maza ta hana barasa mai ƙarfin da ya wuce kashi 15 cikin 100 a gidajen rassan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta daga Satumba 2019. A Disamba 2024 Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar da ta wajabta wa jami'o'i bayyana irin wannan cin zarafi. Masu suka na cewa lacca ba ta sauya al'adar gida, masu shirya taron na cewa tana rage ɓarna.

Ƙungiyoyin nan rajista gare su a jami'a, don haka ba ɗaya suke da ƙungiyoyin asiri na jami'o'in Najeriya ba, ko da yake su ma suna ɓoye bukukuwan rantsar da mambobi.