Ma'anar 'ya'yan itatuwa a zanen byeongpung na Koriya

Byeongpung shamaki ne mai naɗewa da Koriyawa ke haɗawa da katako, su shimfiɗa masa takarda ko siliki, sannan a yi zane a kai. Yakan zo da fallaye shida, takwas ko goma. Sunansa yana nufin abin tare iska, amma a zamanin daular Joseon, wadda aka kafa a 1392, ya zama kayan biki: ana kafa shi a bayan amarya da ango, ko ranar da jariri ya cika shekara, ko dattijo ya cika sittin. Saboda haka 'ya'yan itacen da ake zanawa a jikinsa fata ne da addu'a ga mutanen gidan.

Uku ne suka fi fice, ana haɗa su a kira su samda, wato yalwa uku, al'adar da ta samo tushe daga ƙasar Sin. Rumman yana nufin yawan 'ya'ya, musamman maza, don haka akan zana shi a tsage, ƙwayoyinsa jajaye a waje. Boksunga, ɗan itace mai laushi da gashi-gashi a bayansa, alamar tsawon rai ce, domin tatsuniya ta ce na lambun Seowangmo, wata allahiya da ake kira Uwar Yamma, sai bayan shekara 3,000 yake nuna, wanda ya ci ba ya mutuwa. Na ukun shi ne bulsugam, wani lemo mai kama da yatsun hannu, wanda sunansa a Sinanci ya yi kusa da kalmar arziki. Inabi da kankana su ma na zuri'a ne, saboda yawan 'ya'ya da yaɗon da ba ya yankewa.

Ana yawan ganinsu a chaekgeori, zanen littattafai da kayan rubutu. Sarki Jeongjo, wanda ya yi mulki daga 1776 zuwa 1800, ya so wannan salo har ya sa aka kafa shi a bayan gadon sarautarsa. A zanen fada, littafi ne sarki, faranti ɗaya na lemo ya isa. Da salon ya sauko gidajen talakawa a ƙarni na 19, sai 'ya'yan itace suka yi ta cin fili, har a ga kankana an fafe mata kai an ɗora ta kan tarin littattafai, wanda ya nuna abin da mai saye ya fi buƙata.

Tun kafin wannan akwai zanen ciyayi da ƙwari da ake jinginawa Shin Saimdang, wata mai zane wadda ta rayu daga 1504 zuwa 1551. A wani falle nata, ɓeraye biyu ne ke ɓarzar kankana, 'ya'yanta a fili. Zanen kankana irin nata yana bayan takardar kuɗi ta won 5,000 ta Koriya ta Kudu, hotonta kuma yana kan ta won 50,000 tun 2009.