Shigar da Jama'a cikin Shawarar Ƙananan Hukumomi a Jihar Tawa

Shigar da jama'a cikin shawara, a tsarin ƙananan hukumomin Nijar, tana nufin hanyoyin da mazauna gari ko ƙauye ke bi su sa baki a kan abin da ma'aikatar magajin gari za ta yi da harajinsu, da filayensu, da kasuwanninsu, tun maganar tana ɗanya. Kafin a rusa majalisu a 2024, zaɓen kansiloli yana cikin hanyoyin, amma shi sau ɗaya yake zuwa a shekara biyar. Sauran sun haɗa da halartar zaman majalisa, da tarukan tsara ayyukan raya ƙasa, da kwamitocin makaranta da na filaye da na ruwa, da zaman da magajin gari ke yi gaban jama'a ya faɗi inda kuɗi suka shiga. Jihar Tawa, mai gundumomi 12 da mutane fiye da miliyan 3 a ƙidayar 2012, ta dace da nazarin wannan batu, domin a cikinta akwai birni, akwai ƙauyukan manoman Adar, akwai kuma makiyayan Azawak.

Tarihi

Kiran jama'a taro ba sabon abu ba ne a Nijar. A zamanin Diori Hamani an yi ma'aikatan wayar da kai da ke yawo ƙauyuka, an kuma kafa ƙungiyoyin masu sauraren rediyo a farkon shekarun 1960. Janar Seyni Kunce, wanda ya karɓi mulki a 1974, ya raya samariya, wato ƙungiyoyin matasa na gargajiya, ya ɗora tsarinsa na raya ƙasa a kanta da kan ƙungiyoyin manoma. Samariya ta gina azuzuwa, ta share tituna, ta dasa itatuwa. Sai dai yawanci umarni daga sama yake saukowa. Jama'a na kawo ƙarfi, shawara kuwa tana hannun hukuma.

Maganar miƙa iko ga ƙananan hukumomi ta yi ƙarfi bayan babban taron ƙasa na 1991, ta kuma shiga yarjejeniyar sulhun da aka sa wa hannu da ƴan tawayen arewa ranar 24 ga Afrilu 1995. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a Fabrairun 1999, aka soke sakamako a wurare da dama, kuma juyin mulkin watan Afrilu ya binne batun. Sai ranar 24 ga Yuli 2004 aka zaɓi kansiloli a ƙananan hukumomi 265. Dokar da ke tafiyar da su ita ce ta 17 ga Satumba 2010, kuma a shekarar ne aka ba Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram matsayin manyan birane. Yamai tana da da'ira biyar, Tawa tana da biyu. An sake zaɓe a Janairun 2011, sannan aka yi ta ɗage na gaba har 13 ga Disamba 2020.

Abin da doka ta tanada

Dokar 2010 ta ce majalisar ƙaramar hukuma tana zama na ƙa'ida sau huɗu a shekara, kuma ƙofa a buɗe take ga mai son ya saurara, in ba majalisa ta yanke yin zaman sirri ba. Mazauna suna da haƙƙin sanin abin da aka zartar da ganin kasafin kuɗi, majalisa kuma tana iya kafa dandalin tuntuɓa a kan duk abin da ya shafi yankinta. Sarakunan gargajiya da ƴan majalisar dokokin yankin suna da kujera a zaman, suna ba da shawara amma ba su jefa ƙuri'a. Dokar kaso ta shekarar 2000 ta ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019. Ta nan ne mata da yawa suka zama kansiloli.

A takarda ke nan. A aikace, buɗe ƙofar zaure ba ya kawo mutane. Manomin da ke da tafiyar yini zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ba zai bar gona ya zo ya zauna a bayan ɗaki yana jin ana karanta lissafi da Faransanci ba, musamman da yake ba shi da damar magana a wurin. Shi ya sa hukumomin da suka ci nasara su ne waɗanda suka tashi suka iske jama'a inda suke.

Darasin kwamitocin makaranta

Misalin da ya fi kowanne bayyana yadda ake sa mutane su riƙi abu kamar nasu ya fito ne daga Tawa. A 2004 ma'aikatar ilimi, da tallafin hukumar JICA ta ƙasar Japan, ta fara gwada wani salo na tafiyar da kwamitocin makarantun firamare, waɗanda aka fi sani da COGES, a wasu makarantun jihar. Kafin nan ma akwai ƙungiyoyin iyayen yara, sai dai sau da yawa mai gari ko wani mai faɗa-a-ji ne ke nuna wanda zai shugabance su, kowa ya yi shiru don kunya. Sabon salon ya kawo ƙuri'ar sirri. Ƙaramin canji ne a ido, amma a ƙauyen da ba a iya ɗaga hannu a ƙi ɗan'uwan hakimi a bainar jama'a, shi ne ya ba wanda aka yarda da amanarsa damar riƙe asusu.

Bayan zaɓe, taron gari ne ke zama ya lissafa matsalolin makaranta, ya zaɓi waɗanda garin zai iya magancewa da ƙarfinsa: kafa rumfunan zana kafin a koma karatu, kawo ruwan sha, bi gida-gida don a sa ƴaƴa mata, karatun dare ga masu shirin jarrabawa. Wani ya kawo kuɗi, wani damin kara, wani ƙarfinsa. A ƙarshen shekara kwamiti ya dawo gaban taron ya faɗi abin da aka tara da abin da aka kashe. A 2007 aka yaɗa tsarin a faɗin ƙasa, kwamitocin kuma suka haɗu cikin tarayya a matakin ƙaramar hukuma, inda suke zama da magajin gari.

Abin da ya raya waɗannan kwamitoci shi ne mutane suna ganin sakamakon maganarsu cikin watanni kaɗan, kuma an dawo musu da lissafi. Taron da ya rasa waɗannan biyu, ko an yanka rago, karo na biyu ba zai cika ba.

Tsarin raya ƙasa da kasafin kuɗi

Kowace ƙaramar hukuma tana da tsarin ayyuka na shekara biyar, wanda ma'aikata ke kira PDC. Ƙa'idar rubuta shi ita ce a kasa ƙauyuka shiyya-shiyya, a zauna da wakilansu, a ji abin da ya fi damunsu, sannan a jera buƙatu bisa muhimmanci. Inda aka yi abin da gaske ana raba zama: dattawa daban, mata daban, samari daban, don a Adar, kamar sauran ƙasar Hausa, mace ba ta cika yanke wa mijinta ko surukinta magana a dandali ba. Amsoshin kan bambanta ƙwarai. Maza sukan fara da hanya da taki, mata da rijiya da injin niƙa da ɗakin haihuwa.

Raunin PDC sananne ne. Sau da yawa wani ƙwararre ne da masu ba da tallafi suka biya yake rubuta shi, jerin buƙatun kuma ya ninka kuɗin hukumar sau da yawa, sai kundin ya kwanta a kabad. Maganin da aka fi ambata shi ne kasafin kuɗi na haɗin gwiwa, wanda birnin Porto Alegre na Brazil ya fara a 1989: a faɗa wa jama'a adadin kuɗin da ke akwai tun farko, su zaɓi aiki ɗaya ko biyu da kuɗin zai isa, su kuma naɗa waɗanda za su bi sawun ɗan kwangila. Faɗin adadin shi ne ginshiƙin abin. Wanda aka tambaya me yake so zai ambaci komai, wanda aka ce masa ga abin da ke cikin asusu dole ya auna.

Nan ne batun haraji ke shigowa. Kuɗin shigar ƙananan hukumomin karkara sun dogara ga harajin kai da hakimai da masu gari ke tarawa, da tikitin kasuwa da na tasha da na kasuwar dabbobi. Mutane suna ƙin biya saboda ba su ga aiki ba, hukuma ta ce ba ta yi aiki ba saboda ba a biya ba. Magajin garin da ya tsaya ranar kasuwa, kamar Lahadin Tawa, ya faɗi abin da kowace kasuwa ta kawo da abin da aka yi da shi, ya bar mutane su yi masa tambaya, ya kama hanyar warware wannan ƙulli. Daga gwamnatin tsakiya akwai hukumar ANFICT da aka kafa a 2008 don tallafa wa ƙananan hukumomi, a 2016 kuma aka miƙa musu ayyukan ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, sai dai magadan gari sun daɗe suna kukan cewa nauyin ya iso, kuɗinsa bai biyo shi ba.

Filaye da makiyaya

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye, COFO, waɗanda ake da su a matakin gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye. A na ƙauye mai gari ne shugaba, tare da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Suna ba da takardar shaidar saye ko aro ko jinginar gona, suna shata burtali da mashaya, ana kuma jin ta bakinsu kafin a sa ranar sakin gonaki bayan girbi. Ga jihar da iyakar noma ta dokar 1961, wadda ta raba yankin noma da na kiwo, ta ratsa ta, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Matsalar ita ce makiyayin da ke Abalak ko Cintabaraden da damina, ya gangara kudu da rani, ba ya nan ranar taro, kuma wanda aka rubuta a matsayin wakilinsa wani lokaci mazaunin gari ne mai ƴan tumaki. Hukumomin arewa sukan yi amfani da ranar kasuwar dabbobi da tarukan makiyaya na ƙarshen damina don su same su.

Lokaci, harshe da kuɗin zama

Adar ƙasar ƴan cirani ce. Da an gama girbi samari da magidanta da yawa sun kama hanyar Najeriya, ko Abijan, ko Libiya, ba su dawowa sai gab da shuka. Taron da aka kira da rani taron mata da tsofaffi ne. Haka ma aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsunsa. Waɗanda ke waje kuwa su ne masu aiko da kuɗin gina masallaci da aji, kuma yanzu ta zaurukan WhatsApp na ƴan gari suke faɗin ra'ayinsu. Hukumar da ta manta da su ta bar masu hannu da shuni a waje. A cikin birni, fadar samari masu shayi da ƙungiyoyin adashi irin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, taro ne da ya riga ya haɗu, ba sai an aika goron gayyata ba.

Gidajen rediyon al'umma, da suka fara yaɗuwa daga 1999, suna rage matsalar nisa da ta harshe: ana iya fassara kasafi da Hausa ko Tamashek ko Fulatanci, a buɗe layi mutane su bugo. Akwai kuma wata cuta da ayyukan tallafi suka shuka, wato kuɗin zama. An saba wa mutane cewa kowane taro da ambulan a ƙarshensa, har ya zama fuskoki ɗaya ake gani a kowane kwamiti, taron da ba kuɗi kuma a watse kafin azahar.

Halin da ake ciki tun 2024

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hukumomin soja ƙarƙashin Janar Abdurahaman Tiani sun rusa majalisun jihohi da na birane da na ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, suka naɗa kantomomi, da yawansu jami'an tsaro, su riƙe ma'aikatun. Da haka zaman majalisa da wakilcin kansiloli suka tsaya. Kwamitocin makaranta da na filaye da na ruwa, da masu unguwanni da hakimai, suna nan suna aiki, kuma ta wurinsu ne kantoma ke jin abin da gari ke ciki. Yawan tuntuɓar da ake yi ya danganta ga halin kowane kantoma. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, amma kasafin kuɗi da takardun kwangila na ƙananan hukumomi har yanzu galibi da Faransanci ake rubuta su.